Daga falo zuwa ɗakin zaure: yadda ƙaurar kwamfuta da modem ta ci wata uku a wani gida na Bukoki

Gidan, layin da wutar

Gidan yana unguwar Bukoki a Yamai. Mai shi akanta ne, ya haura shekara 50. Da rana yana aiki a wani kamfanin sufuri, da dare kuma yana riƙe wa wasu ƴan kasuwa littattafan lissafinsu, yawancinsu masu shaguna a Katako da Wadata. Aikin daren a kan kwamfutar tebur yake yin sa. Tsohuwa ce amma lafiyarta lau, sai dai babu kayan wifi a cikinta, da gajeren kebul take sha daga modem.

Ginin kashi biyu ne. Babban gida yana can ƙurya, falo da ɗakuna uku. A bakin titi akwai zaure, a gefensa ɗaki guda da ake sauke baƙi. Tsakaninsu tsakar gida ce mai daɓen siminti, da madafa a jikin katangar gabas, da tankin ruwa na ƙarfe a kan ƙafafu huɗu. Daga teburin falo zuwa tsakiyar ɗakin zaure mita 17 ne in an miƙe igiya, in kuwa an bi jikin bango mita 31. Bango na bulo ne, ginshiƙai cike da rodi, rufi kwano, ƙofofi da tagogi duka na ƙarfe, kamar yawancin gidajen siminti na birnin.

Intanet ɗin gidan ADSL ne, a kan tsohon layin tarho na tagulla, gudun mega 4 ake biyan kuɗinsa kowane wata. Layin ya sauko ne daga turken da ke lungun bayan gida, ya shigo ta saman tagar falo. Nan modem yake tun ranar da aka kawo shi, shi ke ba kwamfuta ta kebul, shi ke ba wayoyin mutanen gida ta wifi.

Sai maganar wuta, wadda daga baya ta shiga lamarin ta ko'ina. A watan Agusta 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Najeriya ta katse wutar da take sayar wa Nijar, wutar da a lokacin ita ce mafi yawan abin da Yamai ke sha, ba ta dawo ba sai Maris 2024. A wannan tsakanin maigidan ya sa faifan sola da batura biyu da inbata. Kuɗi bai kai a ɗora gidan duka ba, sai mai gyaran wuta ya raba: fitilu da fankokin babban gida da soket biyu na falo suna bayan inbata, madafa, injin tura ruwa, na'urar sanyaya falo da ɗakin zaure suna kan wutar gari kai tsaye.

Ƙarshen Fabrairu 2025: dalilin tashi

Mahaifiyar maigidan ta zo daga Tawa don a duba mata ido, kuma ta yi azumi tare da su. Daga ranar da ta sauka falo ya zama wurin gaisuwa. Duk ɗan Adar da ke Yamai mai alaƙa da gidan sai ya leƙo, jikoki kuma ba sa barin gefenta. Ba a cewa baƙon Inna ya rage murya.

Lokacin kuma bai yi wa akanta daɗi ba. A tsarin lissafin OHADA, wanda kamfanonin Nijar ke bi, shekara tana rufewa ranar 31 ga Disamba, kuma wata huɗu ake da shi a kammala takardun ƙarshen shekara, wato zuwa ƙarshen Afrilu. Sai ya yanke shawarar mai da ɗakin zaure biro. Akwai ƙarin riba a ciki, ƴan kasuwar da ke kawo masa rasitai da dare ba sai sun ratsa tsakar gida sun iske iyali ba.

Makon farko na Maris: an kwashe komai

Tebur, kwamfuta, firinta da modem, duka aka ɗauke rana ɗaya. Kwamfutar ta yi kwana biyu a ajiye ba wuta, ana jiran fenti ya bushe.

Don layin tarho ya iske modem a sabon wurinsa, ɗan ƙanwar maigidan, ɗalibi ne a Jami'ar Abdou Moumouni da ke zaune a gidan, ya sayo wayar tarho irin falen nan mai laushi. Ba a samu guda mai tsawon da ake so ba, sai ya haɗa biyu, mita 20 da mita 15, da ƴar mahaɗar roba a tsakiya. Ya bi da ita ta bayan inbata, ta fita ta tagar falo, ta bi katanga manne da wayar wutar da ke zuwa zaure, ƙusa ɗaya ke riƙe da su biyun.

Da aka kunna, fitilar DSL, mai nuna ko modem ya kama layi, ta yi ta ƙiftawa, can ta tsaya. Amma kwamfuta ta ƙi buɗe kowane shafi, kowanne sai ta ce haɗin ba amintacce ba ne. Aka yini ana kashe modem ana kunnawa. Ashe agogon kwamfutar ne ya koma baya shekaru masu yawa. A jikin babban allon kwamfuta akwai ɗan batir kamar kwabo, CR2032, mai volt 3, shi ke riƙe kwanan wata idan an zare wuta. Nasu ya daɗe da mutuwa, ba a sani ba, don a falo kwamfutar tana bayan inbata, wuta ba ta taɓa barinta na dogon lokaci ba. Shafukan intanet kuwa suna da takardar shaida mai ranar farawa da ranar ƙarewa, in agogonka ya ce ranar farawar ba ta zo ba, sai a hana ka shiga. Aka sayo batir wurin mai gyaran agogo, aka gyara kwanan wata, wannan ta wuce.

Wadda ba ta wuce ba ita ce ta dare. Da rana layin yana riƙewa, ko da yake gwajin gudu da ke nuna mega 3.4 a falo yanzu bai kai 2 ba. Da an sha ruwa an kunna fitilu, sai DSL ta fara ƙiftawa. Ta tsaya minti goma, ta yanke, ta sake kamawa. Bayan tarawihi, daidai lokacin aikinsa, ba ya iya tura takarda guda ta imel ba tare da ta tsinke a hanya ba.

A cikin gida kuma wifi ya ɓace daga ɗakuna. Uwargida sai ta tsaya a tsakar gida kusa da tanki kafin saƙo ya shigo. Inna, wadda ƴarta ke kira kullum daga Abidjan ta WhatsApp, ta tambayi ɗanta: "Wai ni, wayar taku ma azumi take yi?"

Tsakiyar Maris: awon ma'aikacin kamfani

Maigidan ya kai ƙara cewa layi ya lalace. Ma'aikacin kamfanin ya zo da hantsi. Bai hau turke ba. Ya buɗe shafin modem a kwamfuta, ta adireshin 192.168.1.1, ya duba lambobi biyu.

Ta farko tana nuna yawan raunin da saƙo ya yi a hanya saboda tsawon waya. Ta biyu tana nuna ratar da ke tsakanin ƙarfin saƙon da hayaniyar da ke cikin wayar. Duka biyun da desibel ake auna su. A ƙa'ida ana son ratar ta kai 6, in ta faɗi ƙasa sosai modem yakan saki layi ya sake kamawa a gudu mafi ƙanƙanta. A ɗakin zaure rauni 40 ne, rata 5. Ya ɗauki modem ɗin ya kai falo, ya jona shi a inda layi ya shigo: rauni 38, rata 11, gudun da shafin modem ke nunawa ya cika mega 4.

Ya mayar da shi zaure, ya ce a kashe inbata. Rata ta hau 8. Aka kunna, aka ƙara da fitilun gida duka, ta sauko 3.

Bayanin da ya yi gajere ne. Layin ya riga ya yi tafiyar kusan kilomita uku daga cibiya, a kiyasinsa, don haka ƙarin mita 35 ba su ne matsala ba. Matsalar irin wayar ce da hanyar da ta bi. Muryar tarho tana amfani da ƙasa da kilohertz 4, ADSL kuwa yana hawa har megahertz 1.1, sabon samfurinsa har 2.2. A wannan zangon ne inbata da cajar waya da ƙananan fitilun LED masu arha ke zubar da hayaniyarsu, har da tashoshin rediyo na matsakaicin zango, waɗanda ke ƙara ƙarfi da dare. Wayar kamfani silinta biyu a murɗe suke da juna, hayaniyar da ta faɗa wa ɗaya ta faɗa wa ɗayan daidai wa daida, sai su soke juna. Ta falen nan silinta a jere suke, ba murɗi, ga ta manne da wayar wuta tsawon katanga, ga mahaɗa a waje tana shan ƙura. Eriya aka shimfiɗa, in ji shi.

"Alhaji, ku bar modem inda layi ya shigo," ya ce. "Kwamfuta ce ta tashi. A ja mata kebul irin nata."

Maigidan ya yarda da rabin farko. Modem ya koma falo a ranar, wayoyin gida suka farfaɗo. Rabi na biyu ya ƙi. Kebul a ƙasa zai iya harɗe Inna, da sanda take tafiya kuma ido bai warke ba. A sama kuma ba ya son igiyoyi suna reto a tsakar gida. Fasa daɓe cikin azumi, da baƙi suna shige da fice, bai ma saurari maganar ba.

Ƙarshen Maris: wifi

Ɗan ƙanwar ya ce, "Kawu, yanzu ai an daina jan waya." Aka sayo ƴar na'urar wifi ta USB, kamar kan yatsa, aka soka a bayan kwamfuta.

Yaron ya sa manhajar awon wifi a wayarsa, ya bi gidan yana rubutawa. Awon da lamba mai ragi yake fitowa, kuma duk raguwar 3 tana nufin ƙarfi ya rabu biyu. A falo -42. A bakin ƙofar falo daga waje -58. A tsakiyar tsakar gida -66. A ɗakin zaure da ƙofa buɗe -74. Da aka rufe ƙofar -86. Masu aikin suna ɗaukar -67 a matsayin iyakar abin da za a dogara da shi, -80 kuwa ana ganin sunan wifi ɗin amma ba ya ɗaukar komai. Na'urar USB ɗin ma ta fi wayar yaron shan wahala, don tana ƙasa, bayan akwatin kwamfuta na ƙarfe, tana fuskantar bango.

Sai aka ƙara na'urar maimaita wifi, wadda ke karɓa daga modem ta sake watsawa. Irinta tana son a kafa ta a tsakiyar hanya, inda take jin modem da kyau. Soket guda da ke tsakiyar hanya shi ne na bangon madafa. Nan aka sa ta, tankin ruwa na tsaye tsakaninta da falo. Ruwa yana shanye zangon gigahertz 2.4 da wifi ke amfani da shi, ƙarfe kuma yana mayar da shi baya, tankin ya haɗa duka biyun.

Sakamakon ya zama abin da ke ruɗa mutane da yawa. A ɗakin zaure alamar wifi ta cika sanda huɗu in ƙofa tana buɗe, don na'urar tana kusa. Amma abin da take maimaitawa raunanne ne tun daga tushe. Gwajin gudu yana tsalle daga mega 2 zuwa kusan sifili. Akwai masu cewa irin wannan na'ura tana raba gudu biyu, kuma gaskiya ne ga mai rediyo ɗaya, don ba ta iya ji da magana a lokaci guda. A nan dai ba wannan ne ya kashe ta ba, layin mega 4 ko rabin wifi mai lafiya ya ishe shi. Yankewa ce ta yi yawa.

Ga kuma ƙofa. A buɗe, intanet na shigowa tare da hayaniyar yara, ƙura da idon duk mai wucewa ta zaure. A rufe, shiru ya samu, intanet ya tafi. Soket ɗin madafa kuma yana kan wutar gari, da ta ɗauke sai na'urar ta mutu, modem na can falo yana ci. Kafin ƙaramar salla an zare ta. Rana ta riga ta sa farar robarta ta yi rawaya, kuma da azahar ba a iya riƙe ta a hannu. Yawancin irin waɗannan kaya iyakar zafin da aka rubuta musu 40 ne a ma'aunin Celsius, a Yamai kuwa Afrilu yakan wuce haka ko a inuwa.

Afrilu: ta wayar wuta, sannan ta salula

Wani abokin aiki ya sayar masa da akwatuna biyu na CPL, masu tura intanet ta cikin wayoyin wutar gida. Ɗaya a jona kusa da modem, ɗaya kusa da kwamfuta. Da aka gwada su a soket biyu na falo suka ga juna nan take. Da aka kai ɗaya zaure, fitilar haɗi ta ƙi kamawa. Soket ɗin falo yana bayan inbata, na zaure yana gabanta, kuma saƙon bai iya ratsa ta ba. Aka mai da na falon soket ɗin na'urar sanyaya ɗaki, wanda ke kan wutar gari. Suka haɗu, har ya yi aikin dare biyu ko uku yana murna. Sai aka lura duk lokacin da injin tura ruwa ya tashi haɗin yakan yanke, in wutar gari ta ɗauke kuma, abin da ya yawaita da zafi ya tsananta, akwatunan biyu da kwamfutar kanta duk sukan mutu tare. Sau ɗaya ya rasa lissafin awa biyu na wani mai sayar da siminti da bai adana ba.

Kwanakin ƙarshe kafin wa'adi da salularsa ya yi su. Ya jona ta da kwamfuta ta kebul ɗin caji, ya ajiye ta a bakin taga, yana sayen data kowane kwana biyu. Takardun sun fita a kan lokaci. Kuɗin ADSL na watan kuwa ya biya su cif, matasan gida suka kalli bidiyo da su.

Mayu: kebul

Inna ta koma Tawa a farkon Mayu, ido ya washe. Maigidan ya ce a gwada maganar ma'aikacin kamfani, amma kafin a taɓa daɓe a shimfiɗa kebul ɗin a ƙasa a gani.

Aka yanko mita 35 na mai arha, dala 30 (CFA 150) kowace mita, mai shagon ya matse masa kawuna biyu, ya sa a ƴar na'urar gwaji. Fitilu takwas suka kama ɗaya bayan ɗaya, daga 1 zuwa 8. Aka kawo gida. Kwamfuta ta ce an haɗa a mega 100, bayan ɗan lokaci ta ce an zare kebul, ta dawo a mega 10, ta sake yankewa. Maigidan ya ce to, wannan ma ga ta nan.

Wanda ya warware shi wani mai sa kyamarori ne da jan kebul a ofisoshi, ɗaya daga cikin ƴan kasuwar ya turo shi. Ya ɗaga kan kebul ɗin ya duba a hasken rana. Ta cikin robar mai haske ana ganin sili takwas a jere: ruwan lemo biyu, kore biyu, shuɗi biyu, ruwan ƙasa biyu. Tsaf-tsaf, kowane launi kusa da ɗan'uwansa.

"Alhaji, wanda ya matse wannan ya jera su don ido ne," ya ce.

A cikin kebul ɗin akwai tagwaye huɗu, kowace tagwaye a murɗe. Haɗin mega 100 da ƙafa huɗu cikin takwas ɗin da ke kan kebul yake aiki: 1 da 2 tagwaye ɗaya, 3 da 6 tagwaye ɗaya. Shi ya sa jerin da aka fi bi, T568B, yake raba kore: farin lemo, lemo, farin kore, shuɗi, farin shuɗi, kore, farin ruwan ƙasa, ruwan ƙasa. Koren biyu suna faɗawa a 3 da 6, shuɗi na tsakaninsu. Mai shago ya jera launi bayan launi, sai ƙafa ta 3 ta zama kore, ta 6 ta zama shuɗi, sili biyu da ba a murɗe tare ba. Na'urar gwajinsa ba ta yi ƙarya ba, abin da take dubawa kawai shi ne ko sili na 1 ya isa 1 a ɗaya kan, na 2 ya isa 2. Ba ta san murɗi ba. A kebul na mita biyu kuskuren yakan wuce ba a gane ba, a mita 35 yakan fito fili. Ciwon wayar tarhon Maris ne ya dawo ta wata ƙofa.

Ya yanke kawunan, ya sake matsewa a jerin da ya dace. Kwamfuta ta kama mega 100 ta zauna. Gwajin gudu ya nuna 3.4, daidai da falo, da rana da dare, ƙofa a rufe. Aka bar shi a ƙasa mako guda, an danne da bulo a inda ake takawa, bai yanke ba.

Amma mutumin ya ƙi binne wannan kebul ɗin. Ya kankare sili ɗaya da wuƙa, jan ya tafi, fari ya bayyana. Alminiyom ne aka shafa wa tagulla. Yana aiki, amma yana karyewa da wuri, kuma in ya karye a ƙarƙashin siminti sai an sake jan wani. Aka sayo Cat5e na tagulla zalla, mita 40 a dala 80 kowace mita. Iyakar irin wannan kebul mita 100 ce, kuma yana ɗaukar har mega 1000, don haka tsawo ba abin damuwa ba ne.

Maso ya tsaga daɓe ta gindin katanga, ya haƙa zurfin santimita 30 zuwa 40. Aka shimfiɗa bututun roba biyu, tazarar kamar taƙi ɗaya da rabi a tsakaninsu. Ɗaya na kebul, da igiyar nailan a ciki saboda ranar da za a so jan wani. Ɗayan na wayar wuta daga inbata, don kwamfuta da fitila da fanka guda na ɗakin zaure su daina bin wutar gari. Mai gyaran wuta ya lissafa, kwamfuta da allonta ba su kai wat 200 ba, inbata za ta ɗauka, amma ya hana a jona firinta mai laser a kai. Bakin bututun da ke waje aka lanƙwasa su suna kallon ƙasa, aka toshe, saboda ruwan sama da tururuwa. Kwana biyu aikin ya ci, daɓe ya bushe a na uku.

Ƙari guda aka yi. Wani tsohon modem da ke cikin kwali ya zama wifi na ɗakin zaure: aka kashe masa rabon adireshi don kada ya yi karo da na falo, aka canza nasa adireshin, aka jona kebul ɗin a ɗaya daga cikin ramukansa na LAN, wato na jona kebul, kwamfuta a wani. Wifi na falo yana tasha ta 1, na zaure ta 11, don kada su shiga juna. Kafin babbar salla, a farkon Yuni, an gama.

Yuni zuwa Satumba: damina

Ruwa bai shiga bututu ba. Rata a modem tana tsakanin 10 da 11, ba ta sauka da magariba.

Mai jan kebul ya bar gargaɗi ɗaya: tagulla ce yanzu ta haɗa gini biyu, ga kuma layin tarho da ke zuwa ta sama daga turke, in hadari ya haɗu a zare duka biyun. Aka ɗora wa ɗan ƙanwar wannan aiki. Wani dare a Agusta ya kwana wurin abokansa a Harobanda, aka yi tsawa kusa. Da safe DSL tana ci, wifi na falo yana aiki, amma zaure shiru. Ramin LAN na farko a modem ɗin falo ya mutu. Aka mai da kebul rami na biyu, komai ya dawo. Kwamfuta ba ta ji komai ba, wataƙila don tsohon modem ɗin yana tsakani.

Hukunci

Da yake mai gidan akanta ne, akwai lissafi. Wayar tarho jaka 3 (jaka ɗaya CFA dubu ce), na'urar USB 6, mai maimaita wifi 15, akwatunan CPL 28, jimla jaka 52, ban da data ta salula. Abin da ya yi aiki: kebul jaka 16, bututu 9, maso da siminti 15, ladan mai ja 5, jimla 45. Wayar wuta daga inbata lissafinta dabam ne, jaka 25. Kebul mai arha na jaka 5 da ɗoriya ban sa shi cikin asara ba, shi ya tabbatar da hanya kafin a fasa siminti.

A ganina tushen ɓata lokacin shi ne ɗaukar modem da kwamfuta a matsayin kaya ɗaya. Modem na layi ne, wurinsa inda layi ya shigo. Saƙon da ke zuwa masa ya riga ya galabaita a tafiyar kilomitoci, ƙaramar hayaniya tana kayar da shi. Wanda ke fita daga bayansa ta kebul sabo ne, mai ƙarfi, yana cin mita 100 ba gajiya. In za a ƙara tsawo, a bayan modem ake ƙarawa. Da turken yana bakin titi ta gefen zaure, da maganar ta canza, sai a nemi kamfani ya sauko da layin can, a ja wa falo kebul.

Wifi da CPL ba kayan banza ba ne, gidan ne bai dace da su ba, kuma ana iya gane haka kafin a saya. Awon da yaron ya yi da wayarsa, -74 da -86, ya riga ya ba da amsa tun kafin a sayi mai maimaitawa. Tambaya ɗaya ga mai gyaran wuta, ko falo da zaure layi ɗaya suke, da ta tsare jaka 28. A gidan da ɗakunan ke ƙarƙashin rufi ɗaya da ƙofofin katako, ko wanda ba a raba wutarsa ba, ɗaya daga cikin biyun zai iya wadatarwa.

Ƙin fasa daɓe a Maris kuwa ban ga laifinsa ba. Tsohuwa mai sanda da ciwon ido a gida, ga azumi, ga baƙi, dalilai ne na gaske. Abin da ya rage a lokacin shi ne mafita ta wucin gadi: kebul ɗin nan dai, a bi da shi ta saman katanga cikin bututu, nesa da wayar wuta, har baƙi su tafi. Ba wanda ya kawo ta, don kowa yana ganin zaɓi biyu ne kawai, haƙa ko iska.

Maganar tsawa ba a rufe ta ba. An sayo na'urorin kariya biyu na kebul, amma ba sa aiki sai an haɗa su da sandar tagulla da aka kafa a ƙasa, ɗakin zaure kuma ba shi da ita. Mai gyaran wuta ya ba da farashi, maigidan ya ce a bari sai Mayu mai zuwa. Ramukan LAN uku suka rage a modem ɗin falo, ɗaya yana aiki, biyu suna jira.